Ranar da Baba Ya Gaishe da Hukumar Gunduma

Mahaifina ya yi shekara da shekaru a Ingila, ya yi aikin injiniyan ruwa har ya yi ritaya, amma bai taɓa yarda cewa gari yana iya tsayawa ba. A Kano ya tashi, a can ya ga yadda ake yi. Mutum ya sayi fili a inda ake kiwon awaki, a yi ta yi masa dariya, kafin 'ya'yansa su gama sakandare gari ya zo ya same shi, har wani ya buɗe shagon cajin waya a jikin katangarsa. Iyakar abin da ya sani game da ƙasa ke nan, kuma bai ga dalilin da tsallake teku zai canza shi ba.

Mu biyu ya haifa, duk mata. Yayata tana aure a Selly Oak, a Birmingham. Ni ina Longsight, a Manchester, ina aiki a wani kantin magani a gefen Stockport Road. Da Mama ta rasu sai ya rage shi kaɗai a gidansa na Sparkhill, irin siraran gidajen nan da ke manne da juna, masu matakalar bene a tsaye kamar tsani. Ɗakin kwana a sama, banɗaki ma a sama. Wanda ya gina gidan bai yi tunanin tsoho mai ciwon gwiwa da ke bukatar alwala kafin kowace salla ba.

Maganin abin a fili yake ga kowa: ya dawo wurin ɗayarmu. Gidanmu yana da falo a ƙasa, da ɗan banɗaki kusa da kicin. Sai dai gidana gidan mijina ne, na Yaya ma na mijinta ne, kuma Baba ba ya kwana a gidan suruki. Ba ƙin su yake yi ba. Mijina ma, Baba yana ji da shi fiye da yadda yake nunawa. Amma in ya zo Manchester jirgin ƙasa na safe zai hau, mijina ya durƙusa daga bakin ƙofar falo su gaisa kowa yana kallon kafet, ya ci abinci shi kaɗai, kafin magariba ya koma tasha. Wata rana ƙanƙara ta hana jirage tafiya, sai ya sa na kai shi otel.

Mijina akanta ne, ya yi imani kowace matsala tana da hanyar da za a bi ta gefe. Ya aiko ni da shawara, tunda shi ba zai iya faɗa da bakinsa ba.

Na ce, "Baba, ya ce zai mayar da gidan da sunana. Ka ga ya zama gidan 'yarka."

"Wa ke kulle ƙofa in za a kwanta?"

"Shi."

"To."

A nan maganar ta ƙare.

Likitan da Baba ya daɗe yana gani ne ya fara ambatar gidan kula da tsofaffi. Yaya ce ta raka shi ranar. Ta ce Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, da suka fito ya ce yaron yana da kirki, tarbiyya ce kawai bai samu ba. Mun yi dariya a waya, amma duk mun san abin da ke cinsa. Tsoronsa a kai shi wani wuri a zaunar gaban talabijin cikin mutanen da bai sani ba, a riƙa kawo masa shayi a kan lokaci. Ni ma tsoron da nake kwana da shi ke nan.

Mijina ne ya kawo labarin filin. A ƙasar nan kowace gunduma tana da tsarinta na amfani da ƙasa, a rubuce, da taswira mai launi-launi da ke nuna inda za a yi gini da inda aka bar wa tumaki. A wata gunduma da ke tsakanin Manchester da Birmingham, ba nisa da babbar hanyar M6, an shafa wa wani yanki a gefen wani ƙauye launin da ke nufin nan ne gari zai faɗaɗa. Wani manomi yana sayar da ɓangaren gonarsa da ya faɗa cikin launin, kuma an ce waɗanda suke so su gina gidajensu da kansu suna iya haɗuwa su nemi izini. Kafin wata ya ƙare iyalai da dama daga cikin mutanenmu sun shiga, likitoci, injiniyoyi, da 'yan uwan mijina a sana'a. Har da aminin Baba, wani dattijo Kirista mutumin Filato, wanda suka fara haɗuwa a layin mahauci a Stratford Road tun muna yara, kuma tun daga ranar suke musu a kan wanda ya girmi wani.

Tsarin mai sauƙi ne. Baba zai samu gidansa na ƙasa, ba bene, da ƙofarsa da makullinsa. Namu a damansa, na Yaya a hagunsa. Ni in riƙa hawa hanya zuwa arewa wurin aiki, Yaya ta yi kudu. Zai ci tuwon 'ya'yansa da zafinsa ba tare da ya kwana ƙarƙashin rufin kowa ba. Ban taɓa ganin abin da ya dawo masa da walwala kamar wannan ba tun rasuwar Mama.

Filin kansa babu abin kallo. Ciyawa ce da taɓo da shinge, sai tumakin manomin da ke kallon mutum ba kunya. Baba ya sayi takalmin roba mai tsawo, ya riƙa sa shi ƙarƙashin babbar riga. Duk ranar Asabar da ba a ruwa sai ɗayarmu ta kai shi. Ya fito da wayarsa ya duba alƙibla, ya dogara sanda ya nuna inda ƙofa za ta kalla, inda za a sa famfo a waje, inda kujerarsa za ta zauna da hantsi. Mutumin Filato ya zaɓi wurin da ke fuskantar nasa, ya ce don ya riƙa ganin ko tsohon ya tashi da rai. Baba ya ce yara kullum haka suke, sai sa ido.

Ba a kai ga ajiye bulo ko ɗaya ba Baba ya ce akwai abin da ya kamata a fara yi. Ba a shiga unguwa a yi gini ba a gaishe da waɗanda aka tarar ba. Babu wanda ya yi musu, don gaskiya ce. Wata Asabar muka jera motoci muka shiga ƙauyen, maza da manyan riguna, mu da mayafai, ledojin dabino da kilishi a hannu, matar mutumin Filato ta soyo cincin cike da bokiti. Muka bi gida-gida muna ƙwanƙwasawa.

Mutanen ƙauyen sun karɓe mu da fara'ar nan tasu da ba ta wuce haƙori. Kowa ya ce abin ya yi kyau ƙwarai. Wani mutum mai sandunan guragu, da ya karye a ƙafa, har ya ɗanɗana kilishin a gabanmu ya yi tari. A wani gida mai furanni a bakin ƙofa wata dattijuwa ta tambayi Baba gida nawa za a gina. Baba ya gyara tsayuwa, don an zo wurin da ya fi sani. Ya gaya mata da Turancinsa na injiniya cewa namu somin-taɓi ne kawai. Ya nuna mata gonar da ke bayan gidanta, da wadda ke bayan waccan, har zuwa inda itatuwa suka tare ido, ya ce in Allah ya yarda duk nan gidaje ne. Za a yi shaguna, motocin haya za su riƙa tsayawa a ƙofarta, ba za ta ƙara zama cikin kaɗaici ba. Albishir yake yi mata. A Kano da tukwici za ta ba shi.

Fuskar matar ta yi irin ta wanda aka miƙa wa sakamakon gwajin jini. Ta ce abin ya yi kyau ƙwarai, ta rufe ƙofa a hankali.

Da muka koma bayan 'yan makonni, kusan kowace taga a ƙauyen tana ɗauke da kwali mai cewa a ceci gonakinsu. Ban ce ziyararmu ce ta jawo ba. Tsarin yana nan tun kafin mu san wurin, an ajiye shi a laburaren garin, ba mai buɗawa. Mu dai muka kai musu shi gida-gida da dabino. Ko rigunanmu da launin fatarmu sun ƙara wani abu a kai, Allah ne masani. Na ji an ce sun taɓa yin irin wannan faɗan da wani kamfanin gine-gine na Turawa 'yan uwansu, don haka ba zan rantse ba.

Aka yi zaɓen kansiloli, waɗanda suka yi alkawarin ceto gonaki suka ci. Ba a jima ba hukumar gundumar ta sanar cewa za ta sake duba tsarin, da niyyar cire wancan yankin daga inda aka ware wa faɗaɗa gari. In aka cire, filinmu ya koma gona, ko rumfar kaji ba za a bari a kafa ba. Amma kafin su yanke hukunci za su zauna su saurari jama'a.

Muka taru a falon Baba a Sparkhill. Maza a kujeru da kan kafet, mu mata a bakin ƙofar kicin muna jin komai. Mijina ya karanta ƙa'idar zaman tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda yake karanta takardar da ke cikin kwalin magani. Ya yi gyaran murya, idonsa a ƙasa.

"Baba, a yi min haƙuri. Yadda system ɗin nasu yake, duk wanda ya yi register za a ba shi 'yan mintuna ya yi magana. Da kowannenmu zai yi, sai council ɗin su ga muna da yawa. Kowa ya faɗi dalilinsa."

 Wani babban likitan zuciya, wanda a asibitinsu in ya shigo ɗakin majinyata kowa ke miƙewa, ya dube shi da mamaki.

"Wato bayan Baba ya gama magana, ni kuma in tashi?"

"Eh, ranka ya daɗe, haka suke yi."

"In ce me? Ai kamar na ce bai faɗa daidai ba ke nan."

Aka yi ta gyaɗa kai. Mutumin Filato ya ce su ma a cocinsu in dattijo ya gama magana amin kawai ake cewa. Wani ya ce ai tarin surutu alamar rashin shugaba ne, in Turawan suka ga mutum ɗaya ya tashi a madadin jama'a guda za su san mu mutane ne masu tsari. Saura a zaɓi dattijon. Mutumin Filato ya ce yau kam ya yarda Baba ya girme shi, amma na yau kaɗai.

Bayan an watse na tsaya ina tattara kofuna. Na ce, "Baba, ni da zan yi register. Ba zan taɓa abin da za ka faɗa ba. Maganar benen nan kawai zan yi, da gwiwarka."

"Gwiwata za ki kai gaban hukuma?"

"Su san dalilin da ya sa muke son gidan ƙasa."

"Na san yadda ake magana da shugabanni tun ba a haife ki ba. Ki ajiye kofunan nan, yayarki za ta wanke."

Raina ya ɓaci, har na kai tashar jirgi ina magana ni kaɗai. Amma dai na rubuta masa abubuwan da ya kamata ya taɓo a bayan ambulan, ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce Allah ya yi albarka.

Ranar zaman da hantsi muka isa, kowa ya ɗauki hutu a wurin aiki. Zaure ne babba a ofishin gundumar, kansiloli a jere bayan dogon tebur, kowa da sunansa a gabansa, wata mata mai furfura tana shugabanta. A gefe akwai tebur ɗin shayi da biskit. Mun cika kusan rabin kujerun, kuma in dai shiga ce, babu wanda ya kama ƙafarmu. A gaban makirfo an ajiye 'yar fitila. Mai magana yana farawa tana kore, in lokaci ya kusa ta koma rawaya, in ta yi ja ƙararrawa ta buga.

Mutanen ƙauyen suka fara, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya ce wa kowa ina kwana. Dattijuwar mai furanni ta tashi ta yi magana a kan bushiya, cewa a shingen gonar suke haihuwa. Wani ya yi a kan jemagu. Wani ya kawo hoton ambaliyar da aka yi a hanyar ƙauyen. Wani saurayi da bai fi sa'an ɗan Yaya ba ya tashi bayan mahaifinsa ya zauna, ya maimaita abin da uban ya faɗa, ya ma gyara masa wani wuri. Na ji likitan zuciya ya yi tsaki a hankali. Mai sandunan guragu, wanda yanzu ya warke, ya ce makarantar ƙauyen ta cika. Har wata mata ta tashi ta ce ita dai ba ta so, ta zauna, aka rubuta.

Aka kira Baba. Ya miƙe da ƙyar, ya taka a hankali da sandarsa, zauren duk ya jira shi. Fitila ta yi kore.

Ya fara da shugabar zaman. Ya gaishe ta, ya tambayi gajiyarta, da iyalinta, da yadda take fama da jama'a. Ya taya ta murnar zaɓe, ya roƙa mata Allah ya taya ta riƙo. Ya koma kan mataimakinta. Ashe tun da muka shigo yake karanta sunayen da ke kan tebur, ya haddace su, don haka ya bi kansilolin ɗaya-ɗaya, kowa da sunansa da muƙaminsa, ya yi masa sannu da aiki, sannu da sanyi. Mu a baya muna cewa madalla, haka ne. Kansilolin suka fara murmushi, wani har ya ɗan sunkuyar da kai da aka zo kansa. Sai Baba ya juya ga mutanen ƙauyen. Ya gode musu da karɓar da suka yi mana ranar da muka je. Ya hango mai karaya, ya ce ya ga ƙafa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Ya ce wa dattijuwar ya ji maganar bushiyoyinta, halittun Allah ne su ma.

Fitila ta koma rawaya. Na yi tari. Na sake yin tari, har Yaya ta taka min ƙafa. Mijina ya kafa wa takalminsa ido.

Baba ya gode wa ƙasar da ta karɓe shi yana saurayi, ta ba shi aiki, ta ilmantar da 'ya'yansa, kuma matarsa tana kwance a cikinta. Ya juya can ƙarshen tebur, inda wata mata ke zaune ita kaɗai tana buga abin da ake faɗa a kwamfuta, ya yi mata sannu, ya ce ya san aikinta ya fi na kowa wahala. Sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya fito da ambulan ɗina, ya daidaita tabarau, ya ce to, abin da ke tafe da mu.

Ƙararrawa ta buga.

Shugabar ta ce, "Thank you so much. That was very kind." Ta faɗa da gaske, na ga idonta. Baba ba mutumin da zai yi magana a kan maganar shugaba ba ne. Ya ɗan rusuna, ya mayar da ambulan aljihu, ya kamo hanyar kujerarsa. Wasu daga cikin mutanen ƙauyen suka tafa masa. Shugabar ta duba takardarta ta tambaya ko akwai wani daga ɓangarenmu da ya yi rajistar magana. Muka zauna rabin zaure guda, likitoci da injiniyoyi, muna kallonta cikin ladabi. Mutumin Filato ya dafa gwiwar Baba ya ce, "Madalla, lallai ka yi magana."

Kuma in don gaisuwa ce, ban taɓa jin ya yi wadda ta kai wannan ba. Ba wanda ya tsallake, ba wanda ya ɗaga sama da matsayinsa. Ina zaune ina jin alfahari da shi, ina kuma jin kamar in fasa ihu.

Suka ɗan tattauna a tsakaninsu, aka ɗaga hannuwa, aka cire yankin daga tsarin. Duka bai kai lokacin da ake ɗauka a dafa shinkafa ba.

A wurin tebur ɗin shayi wani matashin kansila ya matso kusa da ni da biskit a hannu. Ya ce mahaifina mutum ne mai daɗin sha'ani, bai taɓa ganin irinsa a zauren nan ba. Sai ya rage murya ya tambaye ni, don Allah, shi Baba yana goyon bayan cirewar ne ko yana adawa?

Na gaya masa. Benen, gwiwar, gidan ƙasa tsakanin 'ya'yansa biyu, duk abin da aka hana ni kaiwa gaban hukuma na zazzage wa wannan bawan Allah a tsaye. Ya daina tauna biskit ɗin. Ya ce da sun san maganar gidajen tsofaffi ce, akwai yadda ake yi wani lokaci a bar ɗan gefe, ko da yake ba zai ce da an yi ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila kuma irin maganar da ake yi wa mutum ce bayan an gama. Na tambaye shi yaushe za a sake duba tsarin. Ya ambaci wasu shekaru masu yawa nan gaba, ya kuma ce in tabbata mun yi rajista da wuri.

Ni na mayar da Baba Birmingham. Mun yi nisa a kan hanya, abin goge gilashi yana ta kai da komo. Ban yi niyyar cewa komai ba, amma bakina ya riga ni.

"Baba, ba ka ga fitilar ba ne?"

"Na gani."

"Tun tana rawaya?"

"Tun tana rawaya. Amma matar nan ta ƙarshen tebur tana kallona. Kowa na gaishe shi saura ita. Da sai in tsallake ta?"

 Ya juya yana kallon gonakin da muke wucewa.

Filin yana nan, namu ne har gobe, da takardunsa. Manomin yana ci gaba da sakin tumakinsa a ciki, bisa yardarmu, don kada ciyawa ta yi yawa hukuma ta yi magana. Iyalan da muka haɗu da su kowa ya kama gabansa. Baba bai sake neman a kai shi ba.

Da sanyin shekarar ya shigo gwiwar ta ƙi gaba ɗaya. Ya koma kwana a kujerar falo. Yaya ce ta lura gorar ruwan da take ajiye masa ba ta raguwa. Ashe ya rage shan ruwa ne don kada ya bukaci hawa sama. Aikina ke nan, na san abin da hakan ke yi wa ƙodar tsoho mai shan magungunan da yake sha, kuma na gaya masa ba tare da na tausasa ba. Ya ce ya ji.

Mijina ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tuƙa mota zuwa Sparkhill, ya shiga har tsakiyar falo, ya durƙusa a gaban kujerar, ya yi magana da bakinsa. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Baba, na samu flat kusa da office. Ni zan koma can. Gidan ya zama naka da ita da yara, ni in riƙa zuwa gaishe ku."

Baba ya daɗe yana kallonsa, karo na farko da na ga ya dube shi ido cikin ido.

"In fitar da mutum daga gidansa, ni in shiga in kwanta? Tashi. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Tashi."

A mota mijina ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kuka, ni na tuƙo mu gida. Bayan kwana kaɗan Baba da kansa ya kira Yaya ya ce ta nemo wurin da likita ya faɗa, amma ya zama kusa da masallaci.

Wurin da ta samo ba shi da laifi. A Birmingham yake, da tsabta, da ɗumi, ɗakin a ƙasa, banɗaki a ciki, taga tana kallon inda ake ajiye motoci. Ni da Yaya muka jera masa kaya a durowa, muka shimfiɗa darduma, muka yi ta gyara abin da ba ya bukatar gyara. Shi yana zaune a bakin gado da hularsa, hannuwansa a kan sanda.

Wata ma'aikaciya ta turo ƙofa da tire, yarinya mai fara'a, Turancinta na 'yan Birmingham. Ta ce ga shayi, ta kira shi da sunansa. Sunansa na yanka, haka tsirara, ba Alhaji, ba Malam, ba komai.

Ni ban san rabon da in ji sunan nan a bakin mutum ba. Mama ta yi zaman aure da shi har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta shi ba. Ɗan Yaya na fari sunan aka sa masa, kuma tun ranar suna muke kiran yaron da laƙabi don kada mu faɗa.  Yaya ta buɗe baki za ta gyara mata, Baba ya ɗan ɗaga yatsa daga kan sandar, ta fasa.

Ya ce, "Yes." Ya karɓi kofin da hannu biyu.

Da yarinyar ta fita ya ce mu tashi mu tafi, ni hanyata da nisa, kada in shiga cunkoso. Muka yi masa sallama. Muna cikin baranda, ba mu kai ƙofar fita ba, muka ji ta dawo tana tambayarsa ko yana son sukari, ta sake kiran sunan, muka ji ya amsa.